Tafin Hannun Baba a Kan Ramin Taki

Baba ya rufe ramin takinsa ranar Talata, ya rasu ranar Alhamis. Ina Ungogo a lokacin, ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, aka kira ni a waya aka ce ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar zaure da hantsi. Kafin in sami motar garinmu har rai ya yi halinsa. Da ni aka yi masa wanka. Na riƙe hannunsa na dama ina zuba ruwa, hannun ya yi sanyi, ni kuwa tunanin da nake yi shi ne ko na kulle ƙofar ajina. Abin da ya zo raina ke nan, ba zan ƙara masa gishiri ba. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa auta ya yi tawakkali, auta namiji ne. Ba tawakkali ba ne. Ban ji komai ba ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Garinmu yana arewa da birni, inda gona take manne da gona, iyakarsu jerin gamba ko lalle. Ba mu da dajin da za a koma a bar ƙasa ta huta. Gonar da kakanka ya noma ita za ka noma, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, ƙasar kuma jigawa ce mai yashi, abin da ka ba ta shi take mayar maka. Shi ya sa a wajenmu kashin dabba ba ƙazanta ba ne. Akwai ma wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin miji da mata: awaki da tumaki na matar gida ne, gona ta maigida ce. Shi zai kawo harawa da kara daga gona dabbobi su ci, ita kuma za ta share turke kullum ta tara masa taki, ta haɗa da tokar murhu. Inna tana da awaki tara da tumaki uku a shekarar. Sama da shekara arba'in suna wannan musaya ita da Baba, ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya an gode ba.

Yawancin mutanen garin ɗanyen taki suke kaiwa gona. In bazara ta kusa sai ka ga jakuna da mangala suna ta safara, a zuba shi tsibi-tsibi, rana ta yi ta dukansa har ruwa ya sauka. Baba ma haka yake yi, sai wata shekara da ya je noman rani a madatsar ruwan Watari, ya zauna da wani dattijo Babarbare mai lambun albasa, ya dawo da sabon aiki. Tun daga nan ba ya baza taki sai ya dafa shi. Haka yake cewa, dafawa. Ya haƙa ramuka biyu a gefen gona, kusa da tsohuwar rijiya, ƙarƙashin gawon da yake inuwa da rani. Zai shimfiɗa kara da ƙaiƙayi a ƙasan ramin, ya zuba kashin awaki, ya yayyafa ruwa, ya barbaɗa toka, ya sa ɗanyen ganye in ya samu, ya sake komawa kan kara, har abin ya wuce bakin rami ya kai masa ƙugu. Sai ya soka doguwar sanda a tsakiya, ya kwaɓa laka ya yaɓe tsibin gaba ɗaya. Bayan sati uku a fasa yaɓen, a juye takin cikin rami na biyu, na sama ya koma ƙasa, a ba shi ruwa, a sake yaɓewa. Sau uku ake yin haka, wani lokaci huɗu. Sandar ce ma'auni. In ka zaro ta ka ji zafi da damshi, aiki yana tafiya. In ta yi sanyi ta bushe, takin yana jin ƙishirwa, kuma ba ya jira.

Mutanen gari sun yi masa ba'a har suka gaji. In ya wuce majalisa da shebur sai a ce, “Malam, tuwon ya nuna kuwa? A ɗan sammana.” Da kaka ta yi, aka ga zangarniyar geronsa, sai ba'ar ta ragu, amma ba wanda ya kwaikwaye shi, don jan ruwa daga waccan rijiyar ba aikin rago ba ne. Abu ɗaya Baba ba ya iya yi da kansa. Hancinsa ba ya jin wari ko ƙamshi sosai, wata tsohuwar mura ta cinye shi. Don haka duk juyi sai ya ƙunso ɗan takin a ganye ya kawo wa Inna. Ita za ta murza, ta sansana, ta yanke hukunci: da saura, ko a ƙara ruwa, ko toka ta yi yawa. Wanda ya nuna baƙi ne mai laushi, ba ya wari, ƙamshinsa irin na ƙasa ranar ruwan farko. Ni duk wannan daga nesa na san shi. Tun ina sakandare na gudu daga gona, kullum da uzurin jarrabawa a bakina.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya tara mu a ɗakin Inna. Yaya shi ne babba a gidanmu, yana sayar da yadi a birni, mutum ne mai saurin yanke magana, kuma sau da yawa yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan game da shi. A lokacin masu yankan fuloti sun riga sun iso garinmu. Gonaki biyu a gabas da tamu an kafa musu duwatsun siminti, an fara buga bulo.

Yaya ya ce, “Inna, magana ce ba daɗi, amma gara a yi ta yanzu. Ba mai noma gonar nan. Ni ina kasuwa, auta yana makaranta, matan suna gidajensu. A sayar tun tana da daraja, a raba, ke kuma ki dawo birni wajenmu ki huta.”

Inna tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, ba awarwaro, ba kwalli. Ba ta kalle shi ba, dama ba ta kallon ɗan fari, ba ta kuma kiran sunansa.

Ta ce, “In an sayar da gona, awakin su ci me?”

“Sai a sayar da su su ma.”

“Ni kuma in yi me a birni? In zauna a akurki ina kallon bango?”

Can ta ce, “A bar min damina ɗaya. Malam ya riga ya rufe rami. In gona ta cika rumbu, harawa ta kai dabbobi zuwa wani ruwan, a ƙyale ta har in bi shi. In ba ta yi ba, ku sayar, ba zan ƙara magana ba.”

Yaya ya ce ya yarda, amma wa zai yi aikin? Mai takaba ba ta fita, wata huɗu da kwana goma. Na ji bakina ya ce ni zan yi, zan riƙa zuwa duk Asabar. Ba don ƙauna na faɗa ba, ba kuma don in ƙure Yaya ba. Shirun ne ya yi yawa a ɗakin.

Asabar ɗin da sati uku ya cika, na saɓa fartanya da shebur na tafi gona. Ban taɓa zuwa wajen ramin ba tun rasuwar. Tsibin yana nan ƙarƙashin gawo, yaɓen ya bushe ya yi ja, sandar a tsaye a tsakiya. Da na matso sai na ga duk jikinsa tafin hannu ne. Baba ba ya shafe yaɓe, dannawa yake yi, ya bar shi haka. Tafi a kan tafi, tun daga ƙasa har sama, kuma kowanne na dama da ɗan yatsa ƙarami a lanƙwashe, inda jaki ya taɓa take shi yana saurayi. A wani wuri har layukan tafin sun fito. A wani wurin kuma ya zame, ka ga inda ya dafa da ƙarfi ya miƙe.

Na zaro sandar. Tana da zafi, zafi sosai, har da ɗan tururi a ƙarshenta. Na tsaya riƙe da ita. Hannun da ya soka ta na wanke shi yana da sanyi, ga abin da ya haɗa yana nan da zafinsa bayan kwana ashirin da biyar. Na jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ba abin da ya motsa. Na mayar da sandar, na ɗaga fartanya, na nemi inda zan sara wanda ba tafi a wurin, ban samu ba. Na sauke. Na zauna a gindin gawon har rana ta take.

Da zan tafi na tuna Inna za ta nemi ƙunshi. Na leƙa rami na biyu, na ga ragowar takin bara a kusurwa, baƙi mai laushi. Na ɗebi kaɗan na yayyafa masa ruwa na ƙunsa a ganye. Sauran na kwashe a buhu na ɓoye a cikin gamba, wato har tanadi na yi wa ƙaryar. Na shafa laka a ƙafar wandona na kama hanya.

Inna ta ce, “Ka juya?”

Na ce, “Na juya.”

“Kawo in ji.”

Ta buɗe ganyen, ta murza takin a tsakanin yatsunta, ta kai hanci. Ta daɗe tana sansanawa, fiye da yadda na saba gani. Sannan ta naɗe ganyen ta ajiye a gefen tabarma. Ta ce, “To.” Ta ce a kawo min ruwa da fura.

Haka aka yi ta yi. Duk Asabar in hau adaidaita zuwa tasha, in shiga mota, in sauka a bakin titi. Inna ta riga ta share turke na sati guda, an cika buhuna. In ari jakin maƙwabcinmu in kai su gona, in zazzage a rami na biyu haka nan, ba kara, ba ruwa, ba yaɓe. Sai in zaro sanda in taɓa, in mayar, in zauna. Na kan ce wa kaina sati mai zuwa zan fasa. Ba wani tunani mai zurfi nake yi a wurin ba, kada mai karatu ya ɗauka. Wata rana tururuwa na yi ta kallo suna jan ƙwayar dawa. Wata rana littattafan ɗalibaina na zo da su na duba a inuwar. Na ƙirga jiragen da suke saukowa ta samanmu. Na kalli masu buga bulo a gabas har na gane wanda ya fi su lalaci. Sau ɗaya na sa tafina a cikin na Baba, nasa ya fi nawa faɗi. Na matsa idona ko hawaye zai zo, na tuno muryarsa da gangan, na tuno ranar da ya kai ni makaranta a keke. Ko ɗigo. Na cire hannuna na kakkaɓe.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni. Abin da na iya samu shi ne wannan: duk abin da Baba ya bari an taɓa shi. An raba riguna da huluna, rediyo ta tafi wajen ƙaninsa, keke ya tafi wajen wani jika. Ɗakinsa an share an kulle. Kabarin ma, da na koma bayan wata biyu, an yi sababbi a gefensa, na tsaya tsakanin biyu ban tabbatar da wanne ba ne, na yi addu'a ga duka. Tsibin nan kaɗai yake yadda ya bar shi. Amma ko wannan bayani ne da na haɗa daga baya. A lokacin dai hannuna ne ba ya sauka da fartanyar, shi ke nan.

Sandar ta yi ta hucewa. Wajen sadakar arba'in ɗumi ne kawai. Bayan wata biyu na zaro ta a bushe, da sanyi, gara ta fara cin ƙarshenta. Na san ma'anar haka, ko ɗan aji huɗu zai sani. Na mayar da ita ramin.

Maƙwabcinmu mai jaki, dattijo ne sa'an Baba, ya tsaya wata rana a kan iyaka yana kallona.

Ya ce, “Ɗana, yaɓen nan kamar bai canja ba tun na marigayi. Ko in turo a taya ka?”

Na ce, “Baba, kai aka bar wa wasiyyar ramin?”

Ya dube ni, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya wuce. Mutumin da ya ɗauki makarar mahaifina, kuma jakinsa yana ɗaure a gabana yana cin ciyawa. Ban ji kunya ba a ranar. Na ajiye abin a raina kamar yadda ake ajiye takardar da za a karanta daga baya.

Duk bayan sati uku na kan kai wa Inna ƙunshi daga buhun da na ɓoye. Ta murza, ta sansana, ta ce to. Ba ta taɓa cewa da saura ba, ba ta taɓa cewa ya nuna ba. Ni kuwa da jahilcina na ɗauka na iya ƙarya.

Ranar da ta fita takaba, bazara ta yi nisa, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma. Al'ada ita ce mace ta yi wanka, ta sa sabon kaya, ta zaga dangi da maƙwabta ta yi godiya. Inna ta yi wankan, ta ɗaura sabuwar atamfar da Yaya ya aiko, matan gida suna jiranta a tsakar gida. Ta ce su dakata. Ta ce da ni, “Ɗauko fartanya, mu je gona.”

Na bi ta a baya. Ban nemi wata dabara ba, ban ma ji tsoro ba. Tana tafiya a hankali, ƙafarta ta manta hanya mai nisa. Da muka isa ta tsaya a gaban tsibin. Yaɓen ya tsattsage, amma tafukan suna nan. Ta dube su, ba ta daɗe ba. Ta miƙo hannu ba tare da ta juyo ba, na sa mata ƙotar fartanya. Ta yi bisimilla ta sara a tsakiyar wani tafi, daidai kan ɗan yatsan nan. Yaɓen ya rufta ciki, don ƙarƙashinsa ya zama kogo.

Ƙura ce ta tashi. Cikin ya yi fari fat, kamar an barbaɗa gari. Zafin farko ya ƙone shi, ba ruwa, ya bushe a tsaye. Gara ta cinye karan ta bar ƙasa. Kashin awakin yana nan ƙwaya-ƙwaya, da tauri, kamar ranar da aka share shi. Inna ta ɗebo a tafinta, ba ta ko kai hanci ba, ta zubar. Ta leƙa rami na biyu, inda na yi wata huɗu ina zazzage ɗanye. Samansa ya bushe, da ta tona ƙasan sai wari ya bugo mu, gwazarma suna ta motsi.

Na jira faɗa. Da ta yi, wataƙila da na ji wani abu.

Ta ce, “Jawo ruwa.”

Muka yi aiki har azahar, ita da sabuwar atamfa. Ina jan guga tana yayyafawa, muna haɗa busasshen da ɗanyen, muna jerawa yadda Baba yake yi. Ita ta kwaɓa lakar, ita ta yaɓe, ta kuma shafe shi sumul da bayan ƙwarya. Ɓaraguzan tsohon yaɓen ta tattake su ta zuba a cikin kwaɓin. Ba ta ce min komai game da ƙunshin da nake kai mata ba, ni ma ban ce ba. Sai bayan la'asar ta zaga dangi.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana goma sha biyu da rufewa ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai. Dole muka fasa muka baza abin da yake ciki, rabinsa ɗanye, rabinsa matacce. Inda mataccen ya faɗa, kamar ba a sa komai ba, gero ya fito siriri, ganyensa ɗorawa. Inda ɗanyen ya yi yawa, tsiron ya leƙo ya ƙone, sai da muka yi shuka sau uku a wasu kunyoyin. Sannan ciyawa ta taso. Duk irin da awaki suka ci da rani, wanda zafin rami yake kashewa, ni na kai shi gona da hannuna na shuka: ƙarangiya, gogamasu, har da 'ya'yan bagaruwa. Ƙuduji kuwa, ciyawar nan mai shanye gero, ya ga ƙasa ta raunana, ya yi fure abinsa, gonar ta yi kyau daga nesa. Na sayo takin zamani 'yan mudu na zuba, aka yi ruwa mai ƙarfi kwana biyu a jere, yashi ya shanye shi. Na yi noma a daminar nan iyakar ƙarfina, duk hutun makaranta a gona na yi shi, tafina ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ban ji zafinsa sosai ba.

Baba yakan ɗaure dami arba'in da 'yan kai. Mun ɗaure goma sha bakwai. Harawar wake da ta gyaɗa gaba ɗaya a reshe ɗaya na gawo ta zauna.

Yaya ya zo bayan kaka, ya leƙa rumbu, ya ɗaga kai ya dubi harawar. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In faɗi gaskiya, bai yi murna ba, har ya fara cewa ko a ƙara shekara ɗaya. Inna ce ta tare shi. Ta ce, “Alkawari kaya ne. Ku kira masu sayen.” Bai san abin da ya faru a ramin ba, har yau bai sani ba. Shi a ganinsa ƙasa ce ta gaji, kamar yadda ya faɗa tun farko.

Na kan ce wa kaina ko da na juya takin, da an sayar wata shekarar. Gari yana tahowa, ba ramin da zai tare shi. Duk gonakin da suke kewaye da tamu yanzu gidaje ne. Wannan gaskiya ne, amma Inna ba har abada ta roƙa ba, damina ɗaya ta roƙa, ni kuma na ce zan yi.

An yanka gonar gida goma sha ɗaya. An sare gawon, an cike rijiyar. Awakin suka tafi kasuwa biyu-biyu, Inna ta riƙe guda ɗaya, wata ja mai karyayyen ƙaho. Ta zaɓi zama a wajena, ba wajen Yaya ba, a gidan hayar da nake a Ungogo, ɗaki biyu da tsakar gida na siminti wanda tabarma uku za ta rufe shi. Akuyar tana ɗaure a bayan banɗaki, harawa kuma saye muke yi ƙulli-ƙulli a bakin titi. Matata tana girki da gawayi. Duk safiya Inna za ta share ƙarƙashin akuyar, ta kwashe tokar kurfoti, ta zuba a wani tsohon bokitin fenti. In ya cika, ni nake ɗauka in kai bola. Na ce mata ta daina wahalar da kanta, a share a zubar kawai. Ta ce hannunta ne ya saba.

Wata Asabar da hantsi, kusan shekara da dawowarta, ina zaune ina duba littattafan ɗalibai, tana tsugune tana danna tokar a bokitin. Ba ta ɗago ba ta ce, “Auta, takin sati uku ba ya yin baƙi haka.”

Na ajiye biro.

“Na bara ka kawo min. Tun ranar farko na sani. Ni na ce wa Malam ya nuna, zan manta ƙamshinsa?”

Na ce, “Me ya sa ba ki faɗa ba, Inna? Da kin aika an fasa. Maƙwabci ma ya nemi ya taya ni.”

“Na sani. Matarsa ta zo ta gaya min har abin da ka ce masa.” Ta kakkaɓe hannunta a bakin bokitin. “Ni na gan ka ranar da aka fita da shi. Kowa ya yi kuka, har wancan na birni. Kai idonka a bushe. Na ji tsoro, don irin wannan shi yake kashe mutum. Da na ga kana tafiya gona kana daɗewa, ka dawo da laka a wando, hannunka kuwa tas, sai na ce can yake zuwa ya yi kukansa inda ba mai ganinsa. Na ce in na aika an fasa, ina zai je ya yi? Duk sati ina cewa wannan karon zai gama ya juya. Har lokaci ya ƙure.”

Akuyar ta ja igiyarta, ta leƙa bokitin, Inna ta ture mata kai.

Ta ce, “Gona ƙasa ce. Na so ta, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ina mafarkinta. Amma na auna, na ga gara in rasa ta da in rasa ka.” Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni. “Ka dai samu ka yi kukan, ko?”

Na tuna tururuwan, da jiragen, da malalacin mai buga bulo. Gona guda da awaki takwas da tumaki uku da gidan da ta yi shekara arba'in a ciki, duk ta bayar don in yi abin da ban yi ba. Na duba cikina ko yanzu zai zo. Shiru, kamar kullum.

Na ce, “Na yi, Inna.”

Ta daɗe tana kallona, kamar yadda ta daɗe a kan ƙunshin farko. Sannan ta ce, “To.”

Ta tura min bokitin da ƙafa, ya cika. Na ɗauka na kai bola, na zazzage, na dawo mata da shi.